Injiniyan da Ya Gina wa Mahaifiyarsa Shiru

Haihuwa da asali

An haifi mutumin da daga baya kowa ya sani da Injiniya a shekarar 1947, a garin da mahaifinsa ya kafa injin niƙa, cikin wani gida mai ɗaki uku wanda bango ɗaya ne tak ya raba shi da shagon injin. Mahaifinsa, wanda mutanen unguwa suke kira Mai Inji, mutum ne mai haƙuri da riƙon amana, ba a taɓa jin ya rage wa wata mata gari ko ya haɗa na wannan gida da na wancan ba. Mahaifiyarsa, wadda 'ya'yanta da na maƙwabta suke kira Inna, ita ce mai karɓar kwanukan niƙa tana jera su, kuma ta san kwanon kowane gida ko da ba a yi masa alama ba. Iyalin ba su rasa abinci ba, ba su rasa sutura ba, ba su kuma rasa mutunci a idon jama'a ba. Abin da suka rasa shi ne shiru.

Injin yakan tashi da hantsi, ba ya tsayawa sai rana ta yi gora ta faɗi. Kofuna sukan yi ta rawa a kan kanta har sai sun kusa faɗowa, mutanen gidan kuma suka saba da ɗaga murya da nuni da hannu, har baƙo yakan zaci faɗa ake yi alhali gaisawa ake. Mai Inji ya fara rasa jinsa tun bai kai shekara arba'in ba, kuma ɗan nan nasa, wanda shi ne na fari, ya zama mai tsayawa kusa da shi yana maimaita masa abin da masu niƙa suka faɗa. Daga nan aka laƙaba wa yaron suna Kunnen Baba. Sunan ya dace da shi, domin tun yana ƙarami yakan ji daga cikin ɗaki cewa bel ɗin injin ya kusa tsinkewa ko boris ɗinsa ya bushe babu mai, ya fito ya faɗa, a duba a tarar haka ne.

Idan injin ya tsaya da yamma, Inna takan zauna a bakin ƙofa ta dafe kanta, ta roƙi Allah ya ba ta ɗakin da za ta ji faɗuwar allura kafin ta bar duniya. Ita dai faɗa take yi irin ta wanda ya gaji. Yaron kuwa ya riƙe maganar a matsayin amana.

Karatu

Ya shiga makarantar firamare a shekarar 1954, inda malamin aji huɗu ya lura da shi saboda wani tsohon akwatin rediyo da ke ofishin malamai, wanda yake gunji fiye da yadda yake magana. Yaron ya nemi izini ya saurara, ya nuna wajen da waya ta saki, aka liƙe ta da dalma, gunjin ya ɗauke. Malamin ne ya shawo kan Mai Inji, da nuni da rubutu a ƙasa, ya bar ɗansa ya wuce makarantar sakandaren fasaha a shekarar 1961, maimakon ya tsaya a shago.

A shekarar 1966 ya sami gurbi a jami'a, a sashen injiniyan lantarki, kuma aikinsa na kammala karatu bai ɗauko shi daga nesa ba. Ya aro mitar auna ƙara daga sashen, ya kawo ta shagon mahaifinsa, ya tabbatar da cewa ƙarar da ke wurin ta isa ta lalata kunnen mutum cikin 'yan shekaru. Sai ya ɗaga injin daga ƙasa, ya zuba masa gindin kankare, ya shimfiɗa yankakkun tsofaffin tayoyi tsakanin ƙarfe da kankaren, ta yadda girgizar ba za ta bi ƙasa ta shiga gida ba. Kofunan Inna suka daina rawa, malamansa kuma suka ba shi sakamako mafi daraja.

Mutum ɗaya ne bai yi murna ba. Mai Inji, wanda a lokacin ba ya jin komai, ashe da tafin ƙafarsa yake sanin ko injin na tafiya daidai. Ya yi ta ƙorafi cewa da ma kunne ya tafi, yanzu kuma ɗan nan ya zo ya toshe masa ƙafa. Aka yi dariya, Kunnen Baba ya sa masa ƙwan fitila da ke haske idan injin na juyawa, maganar ta wuce. Darasi ne aka ba shi a ranar, amma lokacin fahimtarsa bai yi ba.

Gidan rediyo da aure

Bayan ya kammala a shekarar 1970, ya kama aiki a gidan rediyo, a ɗakin ɗaukar murya, inda aikinsa shi ne ya tabbatar muryar mai magana ta isa kunnen mai sauraro ba tare da shuu ko gunji ba. Da Inna ta tambaye shi wane irin aiki ne wannan, sai ya bayyana mata da abin da ta sani: ya ce tankaɗe yake yi, yana da rariyar da ke raba garin magana da dusar ƙara. Bayanin ya gamsar da ita, har ta riƙa gaya wa mata cewa ɗanta mai tankaɗe ne a rediyo.

A nan ya haɗu da wata ma'aikaciyar jinya da ke zuwa gabatar da shirin kiwon lafiya. Muryarta ƙasa ƙasa ce, don haka yakan daɗe yana gyara mata makirufo, yana sa ta maimaita jimla ɗaya. Wata rana bayan shiri ta tambaye shi abin da ta faɗa a kan tafasa ruwan sha, ya kasa kawo ko kalma guda, sai dai ya iya faɗa mata inda muryarta ta shaƙe. Ta ce lallai shi mai jin sauti ne amma ba ya jin magana. Wannan tsokana ta bi shi har tsufa. An ɗaura musu aure a shekarar 1972, kuma ita ce 'ya'yansu suka tashi suna kira Umma.

Shekarun ƙetare

A shekarar 1975 ya tafi ƙarin karatu a ƙasar waje, a fannin sarrafa siginar sauti, daga bisani wani kamfani mai ƙera lasifika da amfilifaya masu tsada ya ɗauke shi. Kayan kamfanin na mutanen da suke so idan sun kunna faifai su ji kamar makaɗin yana zaune tare da su a falo ne, don haka kuskuren da kunnen yawancin mutane ba zai kama ba, a wurinsu babban laifi ne. Injiniya ya yi fice wajen kama irin wannan kuskure, abokan aikinsa kuma sukan ce mitar kamfanin tana jiran ya yi magana ne ta tabbatar.

Akwai wani ɗakin gwaji a kamfanin wanda aka lulluɓe bangonsa da rufinsa da soso mai tsini, ƙasansa kuma ragar waya ce, don kada sauti ya bugi komai ya dawo. Mutane ba sa iya daɗewa a ciki: wasu jiri ya kwashe su, wasu su ce suna jin bugun zuciyarsu, duk wanda ya shiga kuma sai ka ji ya koma raɗa ba tare da an umarce shi ba. Injiniya shi kaɗai ne yake ɗaukar abincinsa na rana ya shiga ya ci a can. Ya ɗauka cewa sauran mutane ba su san daɗin abin ba ne kawai, tunda ba a gidan niƙa suka girma ba.

Mahaifinsa ya rasu a shekarar 1980, kuma shekara ɗaya bayan haka ya tattara iyalinsa ya dawo gida, duk da cewa kamfanin ya yi masa tayin ƙarin matsayi.

Ofishin hana ƙara

Da dawowarsa ya buɗe ofishin da ke ba da shawara a kan rage ƙara a gine-gine. Ya yi aiki a masaƙu inda ma'aikata ke kurmancewa kamar mahaifinsa, da ɗakunan shari'a inda amsa-kuwwa ke hana alƙali jin shaida, da azuzuwan makaranta da ke bakin titi. Yana da al'ada guda: idan ya shiga ɗaki yakan tsaya a tsakiya, ya tafa hannu sau ɗaya, ya saurari yadda ɗakin ya amsa, sannan ya fito da mita. Yakan koya wa almajiransa na ofis cewa duk lambar da ta ragu a kan mitar auna ƙara rahama ce ga wani.

Allah ya ba shi 'ya'ya huɗu. Ta fari mace ce, an haife ta a 1973; na biyu namiji, a 1976; na uku, wanda aka haifa a 1979, an laƙaba masa Gwangwani, saboda ba ya wuce ƙofa bai buga ta ba, ba ya ganin bokiti bai mai da shi ganga ba; sai Auta, a 1983. Umma takan ce Allah ya ga mai hana ƙara ya aiko masa da jarabawa har gida.

A shekarar 1986 ya gina gidansa, ya ɗauko Inna, aka ba ta ɗakin da ke kallon tsakar gida. Ciwon ido ya kama ta, aka yi magani iya ƙoƙari, amma zuwa 1989 ganinta ya tafi gaba ɗaya. Duk da haka ba ta sauka daga mulkin gidan ba. Daga kan tabarmarta takan san wanda ya buɗe tukunya ba izini, da wanda ya bar famfo na zuba, da wanda ya shigo a makare yana sanɗa. Gwangwani ne abokin wasanta: tana kiransa angona, yana kiranta amarya, kullum suna cikin rikicin wanda zai saki wani.

A shekarar 1990 wani mai walda ya buɗe shago a bayan katangar gidan, ya kafa janareta daidai saitin ɗakin Inna. Ta fara dafe kai kamar dā, tana cewa an dawo mata da injin niƙa bayan ta tsufa. Sai Injiniya ya tuna da addu'ar bakin ƙofa, ya ga cewa lokacin sauke amanar ya yi.

Ɗakin Inna

Aikin da ya yi a shekarar 1991 shi ne mafi kyawun aikin hannunsa, kuma abokan sana'a sun zo daga nesa don su gani. Ya gina ɗaki a cikin ɗaki: bango biyu da iska a tsakaninsu, an cusa ulun gilashi mai tare sauti; daɓe a kan roba, ba ya taɓa harsashin gidan; taga mai gilashi biyu; iska kuma tana shigowa ta wani bututu mai lanƙwasa wanda ke haɗiye sauti a hanya. Ƙofar ita ce abin alfaharinsa, katako mai kauri da ƙarfe a ciki, da roba a gefe huɗu, idan ta rufe ko cinnaka ba zai sami hanya ba.

A makon da aka gama aikin Gwangwani yana kwance da zazzaɓi da tari, har ya makara zuwa makarantar kwana da ya sami shiga. Ranar da aka mai da Inna ɗakin, tarin nan ne abu na ƙarshe da ta ji daga tsakar gida kafin a rufe ƙofa. Yaron ya warke, aka shirya kai shi makaranta da sassafe, ya nufi ɗakin kakarsa don sallama, mahaifinsa ya tare shi ya ce a bar ta ta huta, yanzu ne karo na farko a rayuwarta da ta sami barci babu ƙara. Da ta tashi aka gaya mata angonta ya tafi makaranta. Ta ce Allah ya ba da sa'a.

Daga nan Inna ta fara canzawa. Ta daina faɗa, ta daina tsokana, abinci ya riƙa dawowa kamar yadda aka kai shi. Umma ta auna jininta, ta kai ta asibiti, likita ya duba bai ga wata cuta ba. Injiniya ya yi tunani irin na sana'arsa, ya ce lallai akwai inda ƙara ke ɗiga. Ya shigo da mita, ya bi bango da taga, sai ya tarar sau da yawa akwai takalmi ɗaya a saƙale a bakin ƙofa, ya hana ta rufuwa. Ya zaci sakacin yara ne, ya yi wa Auta faɗa, ya ƙara roba a ƙasan ƙofar, ya kuma sa mata wani ƙarfe mai ja ta ta rufe da kanta. Bai lura cewa takalmin na Inna ne ba. Cikin 'yan makonni tsohuwar ta rame har zobe ya riƙa zamewa daga yatsanta, Umma kuma ta gaya masa a fili cewa in aka ci gaba haka za su rasa ta.

Auta, wadda a lokacin shekararta takwas, ita ce mai kai mata abincin rana idan ta dawo daga makaranta. Wata rana ta ajiye kwano za ta fita, Inna ta kama hannunta.

"Zo nan kusa, ke ba ki iya ƙarya ba tukuna," in ji ta. "Yaushe aka kai angona?"

"Makaranta? Ai an gaya miki, Kaka."

"An gaya mini. Ni ma na taɓa gaya wa tsofaffi irin wannan. Yaro na tari, sai aka kulle ni, sai gida ya yi tsit, kowa ya shigo yana yi mini raɗa. Ki faɗa mini ko ya sha wuya, shi ke nan abin da nake so in sani."

Yarinyar ba ta tsaya jayayya ba. Ta fita ta sami mahaifinta a falo yana duba zanen wani gini, ta kama hannunsa ta ja shi har ɗakin, ta zaunar da shi a kan tabarmar kakarta, ta bar ƙofar ta rufe kanta.

"Baba, rufe idonka," in ji ta. "To, gaya mini wa ke gida."

A lokacin Umma na wanke-wanke a bakin famfo, babbar 'yarsa ta kunna rediyo, ɗansa na biyu yana gyaran keke a tsakar gida, duk bai fi taku kaɗan daga inda yake zaune ba. Injiniya, wanda ya taɓa jin bushewar boris ta cikin bango, ya saurara iya saurarensa, bai ji kowa ba. Sannan Auta ta gaya masa abin da Kaka ta tambaye ta.

Bai jira gari ya sake wayewa ba. Ya ɗauki mota ya nufi makarantar, ya roƙi shugabanta ya ba shi aron ɗansa, suka iso gida kafin la'asar ta yi sanyi. Gwangwani ya banko ƙofar nan mai nauyi da ƙafa, yana ihun cewa ya ji labari amarya ta daina cin abinci don kewarsa, shi kuwa da ma ya san ba za ta iya rayuwa babu shi ba. Inna ta laluba fuskarsa, ta taɓa hancinsa da kunnuwansa, ta daɗe tana riƙe da kansa a ƙirjinta. Da ta tabbatar, sai ta murɗe masa kunne saboda tafiya ba sallama, ta ce a kawo mata abincin nan da aka ajiye tun rana, a kuma ɗumama shi. Bayan ta ci, ta juya wajen da take jin numfashin ɗanta.

"Kunnen Baba, Allah ya yi maka albarka, na san don ni ka yi. Amma wannan tankaɗen naka, ka zubar da dusar ka haɗa da garin."

Ƙofar

Injiniya bai rushe aikinsa nan take ba, domin mai sana'a yakan fara neman gyara da sana'arsa. Ya kafa makirufo biyu a tsakar gida, ya haɗa su da na'urar da ke tace gunjin janareta ta bar muryoyin mutane, ya sa lasifika biyu a ɗakin, irin masu tsadar nan da ya zo da su daga ƙetare, ɗaya a dama ɗaya a hagu, don Inna ta san daga ina sauti ya fito. Da aka kunna, ta saurara kaɗan, ta tambayi wanda ya ɗauke kicin ya mai da shi wajen banɗaki. Ya duba ya tarar ya musanya wayoyin, Umma kuma ta yi dariya har da hawaye, ta ce yau ga mai jin sauti an kama shi a gonarsa.

Ya gyara wayoyin, na'urar ta yi aiki yadda ya kamata, amma Inna ba ta gamsu ba. Ta ce tana jin su, su ba sa jin ta. Ta ji an bar famfo na zuba, ta yi ta faɗa ita kaɗai kamar mai magana a rijiya. Ta ce wannan ba zama da mutane ba ne, laɓe ne, ita kuwa ba ta yi laɓe tana yarinya ba balle yanzu.

Sai ya yi abin da ya kamata ya fara yi tun farko, wanda shi da kansa yake koya wa almajiransa na ofis: a tari ƙara daga inda take fitowa. Ya zagaya wajen mai walda, suka zauna, ya gina wa janaretan ɗan ɗaki mai bango biyu da hanyar iska, ya ɗora shi a kan roba kamar yadda ya yi wa injin mahaifinsa, ya kuma ba maƙwabcin nasa da yaransa abin toshe kunne, ya ba su labarin Mai Inji don su yarda su sa. Sannan ya kira kafinta aka cire ƙofar ɗakin Inna, aka rataya labule. Kafin mako ya zagayo ta kama babbar jikarta tana shigowa da sanɗa, gidan ya san cewa mulki ya dawo.

Ƙofar ba a yar da ita ba. Ya kai ta ofis aka yi mata ƙafafu ta zama teburin aiki, kuma duk sabon injiniyan da ya ɗauka, a kan teburin yake zaunar da shi ya ba shi labarinta. Tun daga shekarar 1992 ya ƙara mataki ɗaya a tsarin aikinsa: kafin ya tafa hannu, kafin ya fito da mita, yakan zauna da wanda zai rayu a ɗakin, ya tambaye shi waɗanne sautuka yake so a bar masa. Da wannan tsari ya yi aikin da aka fi tunawa da shi, wato ɗakunan jinyar tsofaffi da na jarirai a wani babban asibiti, inda ya kashe ƙarar injuna da ta ƙafafun gadaje, ya bar takun ma'aikatan jinya da muryoyin iyaye. Inna ta rayu shekara takwas bayan cire ƙofar, ta rasu a 1999, a ɗakinta, labule a ɗage.

Shekarun ƙarshe

Ya koyar a jami'a a matsayin malami mai ziyara daga 1995 zuwa 2008, kuma ɗalibansa suna tunawa da shi a matsayin mutum mai sauƙin kai wanda ba ya ɗaga murya a aji. Ya miƙa ofis ga almajiransa a shekarar 2012. A lokacin jinsa ya fara raguwa, abin da ya karɓa da haƙuri, yana cewa kunnen da ya yi wa mutum biyu aiki tun yana yaro ya cancanci hutu. Auta, wadda ta karanci injiniyan lantarki ta ƙware a na'urorin taimaka wa ji, ita ce ta daidaita masa tasa. Ya riƙa dawo mata da ita yana cewa muryar Umma ta yi kaifi a hagu, Umma kuma tana cewa muryarta lafiya lau, laifinsa ne da ya fara jin magana bayan ya tsufa.

Da ƙarfinsa ya ragu, ya nemi a mai da gadonsa tsohon ɗakin Inna. A kwanakin jinyarsa masu zuwa dubiya sukan tsawata wa jikoki su yi shiru saboda mara lafiya, Auta kuma takan bi bayansu a hankali ta ce wa yaran su ci gaba da wasansu.

Rasuwa

Allah ya yi masa rasuwa a shekarar 2018, yana da shekara saba'in da ɗaya, da hantsi, na'urar ji tana kunnensa, jikokinsa suna rikicin ƙwallo a tsakar gida. An yi masa sallah a ƙofar gidansa, aka binne shi a maƙabartar da iyayensa suke, kuma cikin waɗanda suka ɗauki makara har da mai walda da tsofaffin ma'aikatan masaƙa.

Ya rasu ya bar matarsa, Umma, da 'ya'ya huɗu: babbar 'yarsa, malamar lissafi a jami'a, ɗansa na biyu, likitan ƙashi, Gwangwani, wanda ya zama lauya, 'yan'uwansa kuma suna cewa ya sami aikin da ake yabon ƙara, da Auta, injiniya, wadda teburin ƙofar nan yake ofishinta yanzu. Ya kuma bar jikoki goma sha ɗaya. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

An taɓa tambayar Auta yadda aka yi yarinya 'yar shekara takwas ta gano abin da mita ba ta nuna ba. Ta ce ita ba ta san komai game da sauti ba a lokacin. Abin da ta fahimta kawai shi ne Kaka ba ta gani, da kunne take ƙirga mutanenta, kuma ranar da ta daina jin su sai ta zaci sun ƙare.